Ina Ƙailula Ta Tafi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutane a 'yan shekarun nan. Ka gaisa da mutum, ya ce lafiya lau, gida lafiya, aiki da godiya. Ka ɗan jima tsaye da shi, sai ka ji ya sauke numfashi ya ce, "Wallahi kaina ya ɗau zafi." Ɗan kasuwa yana faɗinta, malamin makaranta yana faɗinta, matar aure tana faɗa wa 'yar'uwarta a waya, har saurayin da bai ajiye iyali ba. Wasu ba sa cewa komai, sai dai ka gani a idonsu, ko ka ji yadda 'yar ƙaramar magana ta zama cacar baki tsakaninsu da mai a-daidaita-sahu a kan canjin naira 50.

Dalili na farko kowa ya san shi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000, da kyar yake sayen buhun shinkafa ɗaya a lokacin. Magidancin da cefanen gobe ya hana shi runtsawa ba ya bukatar kowa ya zo ya fassara masa damuwarsa.

Sai dai na sha jin wannan kukan daga bakin mutanen da cefane ba ya cikin lissafinsu, masu shaguna da motoci da 'ya'ya a makarantun kuɗi. Su ma ba sa barci. Wannan ya sa nake ganin akwai wani abu da muka yi asararsa bayan kuɗi, kuma tun kafin tsadar nan ta zo muka fara rasa shi. Ranarmu ta rasa iyakokinta. Babu sauran wani lokaci da gari gaba ɗaya ya yarda cewa na hutu ne, wanda in ka nemi mutum a cikinsa kai ne da rashin ta-ido.

Kakanninmu ba su fi mu sauƙin aiki ba. Wanda ya taɓa yin sassabe ko huɗa da hannu ya sani, haka macen da ta yi surfe da daka ta kuma jawo guga daga rijiya mai zurfi. Amma rana a wurinsu a yanke take gaɓa-gaɓa, kowace da abin da ake yi a cikinta. Manomi ya yi sammako bayan asuba, in rana ta take ya nemi inuwa. Maƙeri ya saki zuga-zugi. Malamin zaure ya tashi karatu, almajirai su watse, makarantar allo kuma tana da hutunta na Alhamis da Juma'a. Kasuwar ƙauye sau ɗaya take ci a mako. Tsakanin azahar da la'asar unguwa takan yi tsit, kuma ba a yi wa mutum sallama a wannan lokaci sai da babban dalili. In an yi isha an ɗan taɓa hira, sai kowa ya ja ƙyaurensa.

Wannan tsari yana da tushe a addini. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da ba a shiga wa mutum sai da izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake rage tufafi don hutawa, da bayan sallar isha. Waɗanda aka ce su nemi izinin kuwa mutanen gida ne, masu hidima da yaran da ba su balaga ba. Idan ɗan da ka haifa sai ya nemi izini kafin ya shigo maka da tsakar rana, ina ga abokin ciniki? Haka kuma ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son zaman hira bayan isha. Malamai sun yi bayanin cewa hikimar ita ce kada dare ya cinye asuba.

A nan akwai lissafin da ya kamata kowa ya yi wa kansa. Likitocin barci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar aƙalla sa'o'i 7 a dare. A ƙasar Hausa ana kiran asuba wajen ƙarfe 5, wani lokaci kafin haka. Wanda zai tashi a wannan lokaci kuma ya cika sa'o'insa, to ƙarfe 10 ya kamata ta same shi a kwance. Mutum nawa ne a Kano ko Kaduna ko Damagaram suke yin haka yanzu? Yawanci sai 12 ko ƙarfe ɗaya, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗaki bai huce ba sai talatainin dare, babu wutar da za ta juya fanka, ga sauro. Mutum ya samu sa'o'i huɗu ko biyar ya tashi. Mutanen da ma suna tashi da asuba, amma suna da abubuwa biyu da ke cike musu giɓin: kwanciya da wuri, da ƙailula, wato ɗan barcin tsakar rana. Mu mun zubar da duka biyun, muka bar jiki da tashin asubar kaɗai, wasu ma asubar ta suɓuce musu.

Jiki kuwa magayi ne. Bincike ya daɗe da danganta ƙarancin barci mai ɗorewa da hawan jini da ciwon suga da ciwon damuwa, ban da saurin fushi da mantuwa da gyangyaɗi a kan sitiyari. Kasalar da ke saukar wa mutum bayan azahar ma ba tuwon da ya ci ne kawai ke kawo ta ba. Agogon da ke cikin jikin ɗan'adam ne yake lafawa a wannan lokaci, ko an ci ko ba a ci ba. Minti 20 zuwa 30 na barci sun isa su wartsakar da mutum, in ya zarce haka ne yake tashi da nauyin kai. Abin da ake nema bai fi wannan ba, amma a yau ya gagari yawancinmu.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, lokacin da layukan tarho a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Alherin da ta kawo ba ya ƙirguwa: uwa tana jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Legas, manomi yana jin farashin kasuwar Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota, kuɗi suna isa ƙauye cikin ƙiftawar ido. Amma ta mayar da ranar mutum kamar gidan da aka cire wa ƙyaure, kowa ya ga dama ya faɗo, a kowane lokaci. Mai bin bashi ya shigo, mai neman taimako ya shigo, zauren dangi na WhatsApp ya shigo da rigimar gado, wani ya turo bidiyon gawarwakin da aka kashe a wani ƙauye, mutum ya kalla ƙarfe 12 na dare sannan ya juya ya ce zai yi barci.

Na taɓa zama a shagon wani mai atamfa da shadda a Kantin Kwari da azahar. Ya shimfiɗa darduma a ɗan lungun da ke tsakanin diloli, wayoyinsa biyu suna kan kanta. Yana raka'a ta biyu ɗaya ta fara ruri, ta katse, ɗayar ta ɗauka. Yana sallamewa hannunsa ya kai kanta kafin carbi. Kular abincin da aka aiko masa daga gida tana gefe ba a buɗe ba. Yaron shagonsa ya ce, "Alhaji, abincin nan fa zai huce." Ya ce, "Bari in sallami mutumin Maraɗi." Bayan mutumin Maraɗi sai na Yola. Da na ce masa ya riƙa kashe wayar ko na rabin sa'a ne, sai ya dube ni ya ce, "Malam, in ban ɗauka ba maƙwabcina zai ɗauka. Da daddare ma haka suke turo hoton zane, in ka kwana ba ka amsa ba ka wayi gari an saya a wani wuri."

Gaskiya ya faɗa, kuma amsarsa ita ce zuciyar wannan magana. Shawarwarin da ake yawan ba mutane a kan kwanciyar hankali, ka kashe waya, ka rage tunani, ka ware wa kanka lokaci, duk suna ɗauka cewa abin a hannun mutum ɗaya yake. Ƙailular da muke magana a kanta ta yiwu ne saboda gari duka yana yin ta. Wanda ya rufe rumfarsa bai yi asarar komai ba, domin na kusa da shi ma ya rufe. Yau wanda ya huta shi kaɗai shi zai biya kuɗin hutun, a rasa ciniki ko a ce masa malalaci ko mai girman kai da ba ya ɗaga waya. Saboda haka nake ganin hutu da natsuwa abubuwa ne da mutane ke ba juna, kuma inda aka daina ba juna su, wa'azin "ka kwantar da hankalinka" ba ya zuwa ko'ina.

Labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, wanda Bukhari ya ruwaito, yana nuna haka ƙarara. Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu a Madina. Salmanu ya kai ziyara, ya tarar da matar gidan ba ta kula da kanta ba, ya tambayi dalili, ta gaya masa ɗan'uwansa ba ruwansa da duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi ci sai sun ci tare. Da dare ya yi, maigidan ya miƙe zai yi nafila, baƙon ya mayar da shi shimfiɗa, ya sake tashi ya sake mayar da shi, sai a ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, haka ransa, haka iyalinsa, kuma kowanne sai an ba shi nasa. Da maganar ta je gaban Annabi, ya gaskata Salmanu.

Abin da ya cinye Abud Darda'i ibada ce, aikin da ya fi kowane daraja, amma duk da haka aka yi mata iyaka. To ina ga neman kuɗi? Sannan bai farga da kansa ba. Sai da wani ya shigo gidansa, ya lura, ya kwana, ya matsa masa. Kuma alamar farko da Salmanu ya gani ba a jikin mijin take ba, a jikin matar take.

Wannan ya kawo ni inda abin ya fi yi mini ciwo. A yawancin gidajenmu mace ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ta hura wuta, ta shirya yara, ta yi shara da wanke-wanke da wanki, ta ɗora na rana. Tsadar rayuwa ta ƙara mata sana'a a kai: awara, ƙuli-ƙuli, ɗinki, kitso, sayar da kaya ta waya. Lokacin da a da take ɗan miƙe ƙafa bayan an ci na rana, yanzu shi ne lokacin suyar da yara za su fita da ita da la'asar. Ga goyo da ke tashinta sau uku a dare. In ta ce ta gaji, amsar da take samu daga uwa da miji da ƙawa iri ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, haka kowa take yi." Haƙuri ibada ne, ban musa ba. Amma wanda yake da ikon ɗauke wa mutum nauyi ya tsaya yana ce masa ya yi haƙuri, ya sauke nasa haƙƙin ne a kan wanda ya riga ya gaji. Maigidan da ya kwashi yara ya fita da su ƙofar gida na sa'a ɗaya ranar da ba ya aiki, ko ya ce yau a ci ɗumame kada a ɗora tukunya, ya yi wa matarsa abin da dogon lallashi ba zai yi ba.

Idan gajiya ta rasa mafita, takan nemi ta ɓarauniyar hanya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, har da Kano. Dalilan shaye-shaye suna da yawa, amma duk wanda ya saurari masu sha zai ji wata magana tana maimaituwa, daga bakin matar aure har ɗan acaɓa: ina so in samu barci, ina so in daina tunani, ina so in iya aikin.

Wani ɓangare na tunanin kuwa mu muke saya wa kanmu. Bashin abinci da magani da kuɗin makaranta dole ce ta kawo shi. Bashin biki daban ne. Akwatunan lefe, kayan ɗaki, gara, anko kala biyu ko uku, kamu, dina, duk don kada a ce. Uba ya sayar da gona, uwa ta kwashi adashi uku ta shiga zubin shekara guda, ango ya ci bashi a manhajojin waya irin waɗanda hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta kai wa samame a 2022 saboda suna tura wa dangi da abokan mutum saƙon tozarci in ya yi jinkirin biya. Manzon Allah (SAW) ya yawaita neman tsari daga bashi, kuma da aka tambaye shi dalili ya nuna cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Kowa ya san daidai ruwa daidai tsaki, amma wace uwa ce za ta fara rage kayan ɗakin 'yarta ita kaɗai, ta san dangin miji za su zo gani su ƙirga? Sai in iyayen ɓangarorin biyu sun zauna tun kafin sa rana sun ce ga iyakar abin da za a yi, dattawan dangi kuma suka tsaya a kai. Inda aka yi haka, surutun mako ɗaya ne ya wuce.

Akwai kuma damuwar da ta wuce gajiya ta zama ciwo. Tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambance baƙin cikin da aka san sanadinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka haka kawai ya hana mutum jin daɗin komai, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana bukatar magani. Mu har yanzu mukan ce wa mai irin wannan hali imaninsa ne ya yi rauni, ko an yi masa sammu. Mutumin da ya yi mako biyu ko fiye ba ya sha'awar abin da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice masa, yana ganin rayuwarsa ba ta da amfani, likita yake bukata tare da addu'a. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwa ta 1958. Likitocin fannin ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka layi yana da tsawo. Amma babban shingen yana gida: mai wannan ciwo ba kasafai yake kai kansa ba, sai wani ya lura ya kama hannunsa, ba tare da tsoron a ce gidan wane akwai mai taɓin hankali ba.

Na san akwai waɗanda wannan magana duka za ta yi musu nisa. Mutumin ƙauyen Zamfara ko Katsina da ke kwana a daji don gudun 'yan bindiga ba ƙailula ce matsalarsa ba, kuma haƙƙinsa yana wuyan hukuma. Direban a-daidaita-sahu da bai haɗa kuɗin balas ba ba zai ajiye mashin ya kwanta ba. Amma a tsakanin waɗannan da masu hali akwai ɗimbin mutane da hutunsu yake hannun wani mutum guda da suke gani kullum: yaron shago, 'yar aiki, maigadi, lebura, malamar makarantar kuɗi, ɗan koyon ɗinki da ke kwana kan keke duk goman ƙarshe na azumi. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce wanda ke aikin sa'o'i 6 ko fiye a rana yana da haƙƙin hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba a tsakani, da kwana ɗaya cikakke a kowane kwana bakwai. Masu gida nawa ne suka san da wannan, kuma nawa ne a cikinsu ke sahun gaba a masallaci alhali yarinyar da ke yi musu aiki ba ta san ranar hutu ba tun da aka kawo ta?

Tsayawa tare ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kasuwanni suna lafawa don sallar Juma'a, ana rufe ƙofofinsu da yamma a lokaci guda, a Kano ana dakatar da zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata don tsaftar muhalli, kuma babu wanda ya karye saboda haka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke iya tsayar da kuɗin shara da na masu gadi suna iya tsayar da cewa daga kiran azahar zuwa minti 40 babu ciniki a layi, yaran shago su yi salla su ci abinci a zaune. Masu kula da zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa suna iya rufe su daga ƙarfe 10 na dare zuwa safiya, manhajar ta ba su wannan dama. Shugaban ma'aikata yana iya daina kiran na ƙasa da shi bayan isha sai in gobara ce. Limamai kuma, da suke da kunnen jama'a duk mako, ina fatan in ji ɗayansu ya ware huɗuba guda a kan aya ta 58 ta Suratun Nur, ya kuma ambaci 'yar aiki da yaron shago da sunan aikinsu, don masu gidan da ke zaune a gabansa su san da su ake.